Matan da Suka Wuce Zaure

Ranar Juma'a, 8 ga Fabrairun 2013, 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan ma'aikatan rigakafin shan inna a Hotoro da Unguwa Uku cikin birnin Kano. Mata tara suka rasu, Allah Ya jiƙansu da rahama. In ka tsaya a unguwar Kwaciri yau ka tambayi sunan ko ɗaya daga cikinsu, da wuya ka samu amsa. Amma sunan ɗan siyasar da ya haƙa burtsatse guda a unguwa, har yara sun haddace shi.

Don a gane nauyin da irin waɗannan mata suka ɗauka, sai a koma Asibitin Zana da ke nan Fagge. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a can. Yara kusan 200 aka saka cikin gwajin, 11 suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa ba na kiran iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu daga masu rigakafin shan inna jahilai, ko da yake ɓoyewar ta gurgunta yara da yawa.

A 2003 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna, aka ci gaba a 2004. Sai dai sanarwar gwamnati iyakarta ƙofar gida. Likita namiji, komai iliminsa, a zaure zai tsaya. Wadda ta yi sallama ta shiga har tsakar gida mace ce, da hijabinta, akwatin sanyi a kafaɗa, alli a hannu, wani lokaci ma da goyo a baya. An zage ta, an ce kwangilar hana haihuwa ta karɓo, an rufe mata ƙofa. Wani zagayen ta sake dawowa. Babbar hujjarta ba ta wuce, "Maman yara, nawa ma na ɗiga musu." Uwa ce ke magana da uwa, kuma gobe za su haɗu a gidan suna.

A Sumaila aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar shan inna ta kama a jihar Kano, a watan Yulin 2014. Ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Afirka ta rabu da ita. An yi jawabai, manya sun karɓi yabo. Aikin kuwa bai ƙare ba, don wani nau'in cutar na nan yana ɓulla inda aka yi sake.

Ni a ganina addu'a kaɗai ba ta sauke mana bashin da matan nan ke bin mu ba. Wasu cikin matan da aka kashe sun bar marayu. A neme su, a ga inda karatunsu ya tsaya. A sa sunayen iyayensu a ƙananan asibitocin unguwanni. Masu rai kuma, waɗanda ke bin lungunan Kwaciri da Sabon Gari suna tunasar da masu ciki zuwa awo, a riƙa biyansu alawus ɗinsu a kan lokaci, kuma mai unguwa da kansa ya raka su gidan da ake yi musu gardama.