A bar wa rana aikin ɗumama ruwa a Agadas

A ƙasashe masu zafi irin su Ostareliya da kudancin Amurka, masu tafkin ninkaya a gida sun daɗe da gane cewa hanya mafi araha ta ɗumama ruwansa ita ce a shimfiɗa baƙaƙen bututun roba a kan rufi, famfo ya riƙa tura ruwa ta ciki, rana ta gasa shi, ya koma tafki. A Agadas masu irin wannan tafki 'yan ƙalilan ne, kuma da don su kaɗai ne da maganar ba ta cancanci shafin jarida ba. Amma dabarar da ke ɗumama tafkin mai kuɗi ita ce dai za ta ɗumama ruwan wankan talaka, da na mai jego, da na majinyaci. Ra'ayina shi ne, a garin da rana ke haskawa fiye da awa 3,000 a shekara, ƙona itace ko jan wutar lantarki don kawai a sami ruwan ɗumi almubazzaranci ne.

Wanda bai san garin ba zai ce ina Agadas ina neman ruwan zafi, alhali a watan Mayu da Yuni zafi yakan haura digiri 40. Wannan ya manta da hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba yakan sauko zuwa wajen digiri 10 a cikin gari, a kan duwatsun Abzin kuwa, irin su Bagzan, yakan kusanci sifili. Ruwan da ya kwana a randa ko a tanki ba ya taɓuwa da safe. Saboda haka kowane gida sai ya hura wuta kafin yara su yi wankan makaranta, kafin tsofaffi su yi alwala. Ga kuma wankan jego, wanda ba ruwansa da rani ko damina, kwana arba'in ana ɗora tukunya safe da yamma. Itacen nan daga bakin ƙoramu ake saro shi, daga bagaruwa da aduwa da 'yan'uwansu, a ƙasar da ruwan saman shekara bai cika kai milimita 200 ba, inda itaciya kan yi shekaru kafin ta maye gurbin wadda aka sare.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗaga zafin lita 150 na ruwa daga digiri 20 zuwa 55 yana cin makamashi kimanin kilowat-awa 6. A yankin Agadas, kowace murabba'in mita tana samun kusan wannan adadin daga rana a yini guda. Allon ɗumama ruwa mai baƙin ƙarfe da gilashi yana kama wajen rabin abin da ya sauka a kansa, don haka allo mai murabba'in mita 2 ya ishi gida. Shi kuwa murhun duwatsu uku, mafi yawan zafinsa iska ke kwashewa, sai an ƙona itacen da ya kai kilo 10 kafin a yi wannan aikin. In kuma da lantarki ne, a tuna cewa wutar Agadas da Arlit daga tashar kwal ta SONICHAR take zuwa, kusa da Cirozerin, tashar da ta soma aiki tun farkon shekarun 1980, ga garin Agadas kullum ƙara faɗi yake yi. A ƙona kwal, a mai da zafinsa lantarki, a jawo ta kan waya mai nisan kilomitoci, sannan a sake mai da ita zafi a cikin bokiti, wannan zagaye ne mai tsada. Gara a bar wutar ga firjin magani da injin tela.

Abin da ya fi ciwo shi ne Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, kuma tun a wancan zamanin ake ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na girki da rana a cikin ƙasa. Wasu ƙasashe sun riƙe irin wannan aiki har ya zame musu jiki. A tsibirin Kubrus, gidaje tara cikin goma suna da tankin rana a kan rufi. Barbados, wadda ba ta san sanyin hunturu ba ma, ta kafa masana'antarta tun shekarun 1970 ta hanyar sassauta haraji ga masu ƙerawa da masu saye. Ba ranarsu ce ta fi ta Agadas ƙarfi ba, hukumominsu ne suka tsaya kan lamarin.

Akwai uzurori, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko kuɗi. Itace kullum ake saye da 'yan canji, na'urar rana kuwa sai an tara jakkuna masu yawa an biya lokaci guda, abin da mai neman na cefane ba zai iya ba. Gaskiya ne, shi ya sa ba daga gidan talaka ya kamata a fara ba. A fara da ɗakunan haihuwa, da asibitoci, da makarantun kwana, da masaukan baƙi, inda ake buƙatar ruwan zafi kowace rana kuma kuɗin ke saurin dawowa. Idan kasuwa ta buɗe, masu walda na gari za su koyi ƙerawa, farashi ya sauko. Agadas tana da makarantar ma'adinai ta EMAIR, tana da jami'a tun 2014, ga maƙeran da aikin hannunsu ya yi suna a duniya, ba za a rasa masu koyo ba. Na biyu ƙura, wadda ke rufe gilashi daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Maganinta tsumma da ɗan ruwa sau ɗaya ko biyu a mako, kuma ko ranar hazo ruwan yakan yi ɗumin da zai rage itacen da za a ƙara. Na uku ya fi nauyi: tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ginin ƙasa ne. Tanki cike da ruwa ya haura kilo 200, kuma yoyo kaɗan ya isa ya narkar da soro. Amsar ita ce kada a ɗora shi kan rufi. A kafa shi a tsakar gida kan ƙafafun ƙarfe, tankin ya ɗara allon tsawo, tunda ruwan zafi da kansa yake hawa sama ba sai da famfo ba. Masu cewa a sayi faranti mai ba da lantarki a haɗa da hita kuwa, su sani faranti kashi ɗaya cikin biyar na hasken yake kamawa, sannan ga kuɗin batir, alhali tanki mai rufi yana riƙe zafinsa har asuba.

Masu tafkin ninkaya su ma akwai tasu. Tafki mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4 da zurfin mita ɗaya da rabi yana ɗaukar lita 48,000, kuma ƙara masa digiri ɗaya tak yana cin kilowat-awa sama da 50, abin da zai ɗumama ruwan gida tara. A busasshiyar iskar Sahara, in tururi ya kwashe santimita ɗaya daga samansa, lita 320 ke nan sun tafi, tare da mafi yawan zafin. Mai tafki ya fara da sayen marufi kafin komai, sannan ya shimfiɗa bututunsa a rana. Ɗumama shi da wutar kamfanin lantarki na NIGELEC kuwa, kamata ya yi a hana.

Kirana ga hukumomin jiha da na birnin Agadas: duk sabon asibiti, ko makarantar kwana, ko otal da za a ba izinin gini, a sa na'urar ɗumama ruwa da rana cikin sharuɗɗansa, a kuma fara da ɗakunan haihuwa kafin hunturu mai zuwa.