Usuli Kafin Furu'a a Sana'ar Rubuta Manhaja

Tun da labari ya bazu cewa akwai samari da ke zaune a ɗakunansu suna rubuta wa kamfanonin ƙetare manhaja ana biyansu da dala, balle bayan da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas a 2020 kan kuɗin da ya haura dala miliyan 200, sai kowane uba ya ga ɗansa ya dace da wannan sana'a, kowane ɗa kuma ya ɗauka cewa kwas na wata uku da takardar shaida sun isa su kai shi gaci. A ganina wannan zato shi ne mafarin ɓata.

Malamanmu na zaure sun rarrabe tsakanin usuli da furu'a, kuma ba su yarda ɗalibi ya tsoma baki cikin mas'alolin saɓani alhali bai gama Ahalari ba. Haka sha'anin yake a nan. Usulin wannan fanni su ne lissafi, da manɗiƙi, da sanin yadda ake jera bayanai, da iya rarraba babbar matsala zuwa ƙananan matakai waɗanda na'ura za ta bi ba tare da ta yi wa kowa tawili ba. Wannan kuwa ilmi ne tsoho, don kalmar algoridim kanta daga sunan Alkawarizmi aka samo ta, masanin lissafin nan na Bagadaza a ƙarni na 9. Harsunan kwamfuta da kayan aiki su ne furu'a, masu zuwa da wucewa. Waɗanda suka jingina abincinsu ga manhajar Flash kaɗai sun ji jiki da kamfanin Adobe ya daina kula da ita a ƙarshen 2020, alhali a wannan shekarar ce gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito yana cigiyar masu sanin COBOL, harshen da aka ƙirƙira tun 1959.

Kwanakin baya na zauna kusa da wani yaro a shagon cajin waya, janareto na ruri, kwamfutarsa bisa cinya. Ya kwafo rubutu daga ChatGPT ya liƙa, allo ya cika da jan saƙon kuskure. Bai karanta ko layi ɗaya ba, sai ya sake kwafowa, har sau huɗu. Na ce masa, "Samari, me saƙon ya ce?" Ya ce, "Wallahi Baba, ban duba ba." Wannan shi ne taƙlidi tsantsa, kuma mai taƙlidi ne na'urar za ta fara raba da aikinsa, tunda ta fi shi saurin kwafa.

Maganin da na sani shi ne na makarantar allo: a rubuta, a kai gaban wanda ya fi sani, ya gyara, a wanke a sake. Manhajoji irin su Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, a buɗe suke ga mai son karanta yadda gwanaye suka rubuta su, kuma duk gyaran da mutum ya aika sai an yi masa bita kafin a karɓa. Bitar tana da ɗaci, wani lokaci ma har da gatse, amma matashin da ya jure mata shekara biyu, ko da a ƙaramin aiki ne a dandalin GitHub, zai je gaban mai ɗaukar ma'aikata da abin da za a buɗe a karanta.