A Bar Mai Kishi Ta Gyaru da Kanta

Duk wanda ya saba karanta gajerun labaranmu na Hausa ya san makomar mai kishi tun daga shafin farko. Da zarar an ce maigida zai ƙara aure, uwargida ta nufi wurin boka, a ƙulla asiri, a binne laya a bakin ƙofa. Kafin labari ya ƙare asirin ya koma kanta: ko ta haukace tana tsince-tsince a bola, ko mota ta kife da ita, ko ta kwanta ciwon ajali tana roƙon a yafe mata. Marubuci ya ajiye alƙalami yana ganin ya yi wa'azi. Ni kuwa abin yana damuna, domin an hukunta mace ne kawai, ba a nuna mana yadda mutum ke gyaruwa ba.

Salon nan gado muka yi. A tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, wadda ta kwaikwayi 'yar'uwarta don baƙin ciki ita ke dawowa gida da tsiya. A Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a 1937, Waziri bai sauka daga mugun nufinsa a kan Musa ɗan Sarki ba har asirinsa ya tonu, aku ya gaje kujerarsa. Wannan ya dace da hira irin ta dare, inda ake so yaro ya rabe fari da baƙi. Amma matar da ke karanta labari a waya yau ita ce mai kishin, kuma ta san ba ta taɓa taka gidan boka ba.

Muna da abin koyi mafi girma a Suratu Yusuf. 'Yan'uwan Annabi Yusuf, Alaihis Salam, hassada ta kai su jefa shi a rijiya, amma ba a bar su a nan ba. Bayan shekaru, da aka riƙe ƙaninsu a Masar, babbansu ya ƙi komawa gida, don ba zai iya sake haɗa ido da mahaifinsu da irin wancan labari ba. Nadamarsa ta bayyana a aikace tun kafin su furta ta da baki.

Wasu marubuta kan ce wuri ne ya yi kaɗan. Gaskiya ne gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, takan ƙayyade yawan kalmomi, kuma ba a sauya halin mutum a layi biyu. Sai dai ba a buƙatar shekara goma a takarda. A ce uwargida ta saba fakar ido ranar girkin amarya ta watsa gishiri a tukunyar miya. Wata rana ta leƙo daga ɗaki ta ga 'yarta 'yar shekara shida ta mintsini jaririn amarya, ta waiwayo tana murmushi, tana jiran a yaba mata. Washegari ga tukunya a kan murhu, ga tsakar gida ba kowa, ga gishiri a tafin hannunta, sai ta mayar da shi cikin gwangwani. Kishin yana nan daram, da dare ma za ta kasa kunne ta ji ƙarar rufe ƙofar amarya, ranta ya sosu. Abin da ya sauya shi ne ta soma jin kunyar kanta, kuma shafi biyu sun isa a nuna haka.

Sannan a daina ɗora wa mata kayan su kaɗai da sunan kishi kumallon mata ne. Ɗan kasuwar da maƙwabcinsa ya fi shi ciniki, da 'yan uban da ba sa ga maciji kan gado, da malamin da ɗalibinsa ya zarce shi, duk suna cikin garuruwanmu, kuma da wuya ka ga an ba su ko shafi ɗaya.