Sharhi: A gindin turakun sadarwa ake yanke farashin kira da data

A watan Janairun 2025 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, bayan da kamfanonin suka nemi a bar su su ninka farashin. Rabon da a yi irin wannan ƙari tun 2013. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ma'aikaci a sakatariyar jiha duk sun ji a jikinsu, fushinsu kuma ya sauka a kan kamfanonin da sunayensu ke fitowa a fuskar waya. Sai dai kaso mai tsoka na kuɗin da jama'a ke biya ba ya kwana a hannun waɗannan kamfanoni. Wucewa yake yi zuwa ga masu dogayen turakun ƙarfen nan da ke tsaye a unguwanni da gefen manyan hanyoyi.

Lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kowane kamfani shi ke gina turkensa, ya girka janaretansa, ya ɗauki mai gadinsa, har akan ga turaku biyu ko uku jere da juna a wuri guda. A 2014 tsarin ya sauya. MTN ya miƙa turaku fiye da 9,000 ga IHS, kamfanin da aka kafa a Najeriya a 2001. Etisalat, wanda daga baya ya koma 9mobile, ya sayar masa da fiye da 2,000. Shi kuwa Airtel ya ƙulla cinikin kimanin 4,800 da kamfanin American Tower na Amurka a kan fiye da dala biliyan ɗaya. Daga nan waɗannan kamfanoni suka zama 'yan haya a kan turakun da suka gina da hannunsu.

Hikimar tsarin a fili take. Turke ɗaya zai ɗauki na'urorin kamfani biyu ko uku, da janareta ɗaya da mai gadi ɗaya, don haka ɗawainiya ta ragu. Mai turke kuma sai ɗan haya na biyu da na uku sun shigo ribarsa ke kauri. Amma yarjejeniyoyin hayar na shekaru masu yawa ne, kuma an ɗaura wani ɓangare na kuɗin a kan dala, domin da dala ake sayo kayan aiki, da ita kuma masu turakun suka ciwo bashi.

Wannan sharaɗi bai fito da haƙoransa sosai ba sai a watan Yunin 2023, lokacin da Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a cikin 2024. Kamfanin da ke karɓar kuɗinsa da naira, yana biyan haya da lissafin dala, kuma ba shi da ikon ƙara farashi sai da izinin hukuma, dole ya shiga matsi. MTN Najeriya ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, sannan kimanin biliyan 400 a 2024, akasari saboda faɗuwar naira. A watan Agustan 2024 ya sake zama da IHS, aka rage kason da ke bin dala, aka shigo da wani kaso da ke bin farashin man dizal.

Dizal shi ne rabi na biyu na matsalar. Turke ba ya barci, wutar lantarkin ƙasa kuwa ba abin dogaro ba ce, saboda haka dubban turaku da janareta suke kwana suke tashi. Duk sanda dizal ya yi tsada, ko tankar mai ta kasa isa wani wuri, ko ɓarayi suka kwashe batura, sabis ne ke fara jin jiki. Gidajen rediyo da talabijin ma ciwon da ke damunsu ke nan, domin na'urar watsa shirye-shirye da dizal take aiki, shi ya sa wasu tashoshi ke rage sa'o'in da suke kan iska.

A Arewa akwai ƙarin nauyi na tsaro. A watan Satumban 2012 'yan Boko Haram sun kai hare-hare kan turaku a jihohi da dama. A 2013 an katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa bayan ayyana dokar ta-ɓaci, haka kuma a Zamfara a watan Satumban 2021, kafin matakin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mai zuba jari yana duba wannan tarihi, ya duba tsadar kai mai ƙauye mai nisa da ƙarancin kuɗin da za a samu a can, sai ya kai turkensa birni. Abin da ke biyo baya kuwa ɗan kasuwa ya fi kowa saninsa: tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya karkata ga tura kuɗi ta waya da na'urar POS, kuma kasuwar ƙauyen da ba sabis ta zama wurin da dole a ɗauki tsabar kuɗi a bi hanya mai hatsari.

Gwamnati ta ɗauki wasu matakai. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, an kuma sanar da shirin shimfiɗa wayar fayiba mai tsawon kilomita 90,000. Amma takarda ba ta hana motar gyaran hanya tsinke waya, ba ta kuma hana jami'an haraji rufe turke. An daɗe da cimma matsaya a kan naira 145 kowace mita a matsayin kuɗin izinin binne waya, Jihar Kaduna ma ta yafe shi baki ɗaya a 2020, duk da haka ba kowace jiha ce ke bin wannan farashi ba.

Ƙarin kashi 50 ya ba kamfanonin damar numfasawa, amma bai taɓa tushen tsadar ba. Muddin turaku na dogara da dizal, hayarsu na bin dala, jihohi da ƙananan hukumomi kuma na kallonsu a matsayin saniyar tatsa, to wata faɗuwar naira ko wani tashin farashin mai zai sake dawo da kamfanonin ƙofar NCC. Abin da ya kamata masu biyan kuɗi su riƙa tambaya shi ne turaku nawa aka mayar kan sola, jihohi nawa suka rage haraji, garuruwa nawa ne kuma da ba su da sabis bara suka samu bana. NCC ta ce ta amince da ƙarin ne bisa sharaɗin inganta aiki, don haka haƙƙin jama'a ne a kanta ta fitar da waɗannan alƙaluma jiha-jiha.