Ciniki Ya Faɗa, Me Ya Kawo Ƙari?



Malam, in ka yi jinga da magini ya gina maka ɗaki, kuka shirya gaban shaidu, ya kafa harsashi, sannan ya dawo ya ce sai ka ninka masa kuɗi sau biyar, me za ka ce masa? To, abin da ba ka yarda da shi a gidanka, shi ake yi da dukiyarka a baitulmali.

Ga misali. A watan Disamba 2017 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar gyaran hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya har Kano, a kan Naira miliyan dubu 155. A watan Maris 2021 majalisar zartarwa ta zauna, ta mai da kuɗin miliyan dubu 797. Ni lissafi na koyar a firamare kafin in ajiye alli: wannan ninki biyar ne har da ɗoriya.

Hujjarsu ita ce, wai da gyara aka yi niyya, daga baya aka ga sai an tone an sake sabuwa. To, mun ji. Amma ina injiniyoyinsu suke tun farko? In kuwa aiki ya zama sabo, me ya hana a sake shela, kamfanoni su yi takara, a ga mai rahusa?

Dokar ba da kwangila ta 2007 cewa ta yi a yi gasa a fili. Amma gasa ranar farko kaɗai ake yin ta. Ƙari kuwa a ɗaki ake shirya shi, da kamfani ɗaya. Nan ƙofar ɓarna take, don ɗan kwangila na iya faɗin kuɗi kaɗan ya kori abokan takara, in ya shige ya nemi ƙari. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: da mai nema da mai sa hannu, kowa sai ya yi bayani.

Wa ke biyan ƙarin nan? Kai ne. Asusun da ake ɗiba shi ne na takin zamani, da rijiyar burtsatse, da maganin asibitin garinku.

Saboda haka in ɗan takara ya zo neman ƙuri'arka, kada atamfa da sabulu su rufe maka baki. Sa shi ya yi alkawari gaban jama'a: duk kwangilar da za a ƙara wa kuɗi, a karanta dalili a rediyo da Hausa, in ƙarin ya yi yawa a sake gasa. Wanda ya ƙi, ka hana shi ƙuri'arka.

Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, amin.