Rage Mudu Ba Ya Ƙara Hatsi: Raddi Ga Masu Neman A Soke Maki A Makarantu

Wani ra'ayi yana samun masu saurare a tsakanin masu makarantu da iyayen yara a tsallaken kogin Kaduna, daga Barnawa zuwa Narayi da Sabon Tasha. Cewa ake yi a cire A1 da F9 daga katin sakamako, a daina sa yaro maimaita aji, a kuma sassauta makin shiga manyan makarantu. Ba na shakkar kyakkyawar niyyar masu wannan magana. Hujjojinsu huɗu ne, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Hujja ta farko: wai F9 yana karya zuciyar yaro. Gaskiya ne a fito da wanda ya zo na ƙarshe gaban taron ɗalibai ana yi masa ihu zalunci ne, kuma ya kamata a daina. Amma laifin na mai kunyatarwa ne, makin labari kawai ya bayar. Dubi uwar da ke sayar da tumatir a kasuwar Sabon Tasha. Ƙarshen zango ɗanta ya miƙo mata kati. Ba ta iya karanta dogon Turancin da malami ya rubuta a ƙasa ba, amma ta san 32 da jan biro, ta san ma'anarsa. Wannan lambar ce ke sa ta ɗaura gyale ta tafi makaranta neman ba'asi. In aka maye gurbinta da "yana ƙoƙari", an rufe wa uwar nan ido. Mai hali a Barnawa ba abin da ya dame shi, don yana da malamin lesin da zai gaya masa gaskiya. Kuma kowa ya san akwai makarantun kuɗi da ke tsoron kayar da yaro kada a ɗauke shi a kai makarantar maƙwabta. Soke maki su zai fi yi wa daɗi.

Hujja ta biyu: wai ƙasashen da suka ci gaba sun bar maki. Finland suka fi ambata. To, a Finland yaran ƙananan azuzuwa ne ake yi wa bayani da kalmomi, daga baya ana ba su maki daga 4 zuwa 10, kuma malamin firamare a can sai da digiri na biyu. Ingila ta bar haruffa ta koma lamba 9 zuwa 1 a jarrabawar gama sakandare tun daga 2017, kuma ta yi haka ne tare da tsaurara manhaja. A Amurka, jami'ar MIT ta jingine sharaɗin jarrabawar shiga lokacin korona, sai ga ta a 2022 ta dawo da shi, tana cewa yana taimaka mata gano haziƙai daga makarantun marasa galihu.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi: wai rage makin shiga yana buɗe wa ɗan talaka ƙofa. An riga an gwada. A watan Agustan 2017, taron hukumar JAMB ƙarƙashin Farfesa Is'haq Oloyede ya sauko da mafi ƙarancin makin shiga jami'a daga 180 zuwa 120 cikin 400, na kwalejojin ilimi da na fasaha kuwa 100. Maki 100 rubu'i ne, alhali kowace tambaya zaɓi huɗu gare ta, wato ɗan canki-canka ma yana iya kaiwa kusa da nan. Wace ƙofa wannan makin ya buɗe? Mai 120 ba zai ji ƙamshin karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello ba. Ƙofar da ta rage masa ita ce wadda ba a rububinta, musamman ta koyon aikin malanta.

Ga abin mamaki: a watan Oktoban 2017 ɗin, gwamnan Kaduna na lokacin Nasir El-Rufa'i ya bayyana cewa malaman firamare 21,780 cikin 33,000 sun kasa samun kashi 75 cikin 100 a jarrabawar 'yan aji huɗu, kuma aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi jayayya da yadda aka yi gwajin, har ta shiga yajin aiki. Ko wane ɓangare mutum ya bi, tambaya ɗaya tana nan: ta yaya za a karɓi mutum da kashi 25 a bakin ƙofa, sannan a kore shi don bai kai 75 ba bayan ya yi iyali? Sassaucin farko jinkirta faɗuwa kawai ya yi zuwa ranar da ta fi ciwo. Da can, lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, tun daga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, wanda boko bai karɓe shi ba yana da wurin fakewa. Yau babu wannan inuwar. Takardar da babu ilimi a bayanta, kan acaɓa take ƙarewa.

Hujja ta huɗu: wai jarrabawa kanta ba abin dogaro ba ce. Suna kafa hujja da 2025, lokacin da matsalar na'ura ta sa ɗalibai kusan 380,000 sake rubuta JAMB, WAEC kuma ta gyara adadin waɗanda suka ci daga kashi 38.32 zuwa 62.96. Abin kunya ne, babu musu. Sai dai me ya tona asirin kuskuren? Lambobin ne. Ɗalibin da ya saba cin maki mai yawa ya ga abin da aka ba shi, ya ce bai yarda ba. Da "yana ƙoƙari" aka rubuta wa kowa, da me zai yi ƙorafi? Ma'aunin da ya karkace gyara shi ake yi. Rage girman mudu kuwa bai taɓa ƙara ƙwaya ɗaya a rumbu ba.

Saboda haka a bar maki a kati, a ƙara masa bayanin inda yaro ya gaza cikin harshen da iyaye ke ji. A gwada karatu da lissafin kowane yaro tun yana aji uku, wanda ya kasa a ware masa lokaci kafin a tura shi gaba. A ɗaga makin shiga kwalejojin ilimi, a kuma biya malami abin da zai sa haziƙi ya so aikin. Iyaye kuma, in kun je karɓar sakamako, kada ku tsaya ga "an ciyar da shi gaba". Ku buɗe littafi, ku ce ya karanta muku shafi ɗaya a gaban malaminsa.