Kayan ɗakin da jika za ta gada



Watan jiya na je taya ƙanwata tashi daga wani gidan haya zuwa wani. Shekararta 4 da aure. Da muka zo ɗaga armuwar ɗinta, sai gindinta ya ruguje a hannunmu kamar biskit ɗin da ya sha ruwa. Ashe garin katako ne aka matse da gam, aka lulluɓe da leda mai walƙiya. Bashin da tsohonmu ya ci don sayenta kuwa, wallahi sai bara aka gama biya. Can kusurwar ɗaki ga adakar kakarmu ta itace, wadda ta ga auren kaka, ta ga na inna. Aka aza ta bisa amalanke, ko gezau.

Tun ranar nake tunanin wani akwati na ƙasar Japon da ake kira tansu. Akwatin itace ne mai durowa-durowa, an ɗaure kusurwoyinsa da ƙarfen maƙera, ya yaɗu tun zamanin da suke kira Edo, daga 1603 zuwa 1868. Kowane aiki da irin nasa. Akwai na tufafi, akwai na kwanukan madafa, akwai na ɗan kasuwa don takardun lissafi. Na masu jirgin ruwa har da ɓoyayyen wurin ajiyar kuɗi. Akwai wanda aka yi shi hawa-hawa, a taka shi a hau bene, kowace matakala kuma da durowa a cikinta. Da yawa suna da marikin ƙarfe a gefe, a zura sanda, mutum biyu su saɓa su fita da shi in gobara ta tashi. Tsofaffin manyan akwatuna ma taya gare su, amma a gobarar 1657 a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, masu gudu da su suka toshe hanyoyi, daga baya hukuma ta hana irinsu.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na itacen kiri. Itace ne mara nauyi, ƙwari ba su son shi, in laima ta zo yakan kumbura ya rufe bakin durowa ruf, tufafi su tsira. A al'adarsu ta da, in an haifi ɗiya mace sai a dasa kiri. Kafin ta isa aure ya girma, a sare, a yi mata tansu ta tafi da shi ɗakinta. Kun ga ke nan uba ya fara tanadin kayan ɗaki tun tana cikin zanen goyo. In kuma ya tsufa ya yi baƙi, kafinta ya kankare fuskarsa, ya canja abin da ya lalace, ya dawo sabo. Garin Kamo da ke yankin Niigata har gobe da wannan sana'a aka san shi.

Yau rayuwa ta canja a can ma. Kimono ya koma tufar buki, gidajen birni ƙanana ne, wurin ajiya a jikin bango yake. Duk da haka tsofaffin tansu ba su mutu ba. Dillalai na kai su Turai da Amurka, inda ake girke su a falo a ɗora talabijin, mai matakala kuma a jera masa littattafai. A Japon ɗin, masu gyara na raba babba gida biyu, su sa masa ƙafafu, ya shiga ƙaramin ɗaki. Akwatin da ya haura shekara 100 ya samu sabon aiki, tamu armuwar kuwa ko yayen ɗan fari ba ta kaiwa da lafiya.

To ni ra'ayina, mun mai da kayan ɗaki abin kallon rana ɗaya. Ranar jere ake saye dominta, don ƴan ganin ɗaki su shiga su fito suna labari. Bayan damina biyu ƙofa ta karkace, madubi ya ɓalle, in ka kira kafinta ya ce maka ƙusa ba ta kama wannan.

Na san abin da za ku ce, don da na taɓo zancen a rediyo masu kira sun faɗa mini. Katakon kirki tsada gare shi, daga ƙasashen kudu ake kawo mana shi. Gara ba ta da tausayi. Amarya kuma ba ta yarda ƙawayenta su ce ɗakinta na tsofaffi ne. Duk gaskiya ne. Amma a yi lissafi mana: abin da za ka saya sau uku cikin shekara goma, da wanda za ka saya sau ɗaya a gaje shi, wanne ne mai tsadar? Maimakon saiti guda shida na garin katako, a yi guda biyu na itacen gaske, a ɗora su bisa ƙafar ƙarfe don gara da ruwan shara. Masu hannu muna da su. Duk wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga abin da kafintoci da maƙera ke fitarwa daga katako da tsohon ƙarfe. Abin da suka rasa shi ne mai sayen da zai ce musu, yi mini wanda za a iya gyarawa.

Iyaye mata, ku ke da wuƙa da nama a wannan magana, don ku ke zaɓen kaya. Kafin ku biya, ku tambayi mai shago abu ɗaya: in ya lalace, ana gyara shi? In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.

Adakar kaka dai tana gidan ƙanwata, ta zuba kayan jaririnta a ciki. Ku fa, wane kaya ne a gidanku ya girme ku? Allah Ya sa mu dace.